Kwabar Yajin Hajiya

Yanzu in ka zauna a ƙofar gidana da hantsi, nan Makera, ba abin da za ka ji sai kukan janareto da hon ɗin 'yan napep, sai ko injin niƙan bakin kwalbati da ke ihu tun safe. Daka ya mutu. Na yi wata uku ina kasa kunne da gangan, ko Allah zai sa in ji taɓarya ta faɗa turmi a wani gida, wallahi ban ji ba. A da kuwa ba ka buƙatar agogo a unguwar nan. Jiniyar masaƙa ce ke tashinmu, ƙafafun ma'aikata su cika titi, kekuna na ta ƙararrawa, idan rana ta ɗan ɗaga kuma sai mata su karɓa, wannan gida dum, wancan gida dum, har kana iya gane mai dakan da jin faɗuwar taɓaryarta. Ta maiɗakina Hajiya ba ta ɓuya. Ba ta gaggawa, sau uku take bugawa ta ɗan dakata, kuma duk ranar da aka ji ta fara da sassafe an san wata ta sauka a layin, yajin jego ake yi. Kafin azahar rabin unguwa na atishawa.

Wannan yaji wajen mahaifiyarta ta koya, ita ma wajen tata. Abu goma sha biyu take haɗawa, ni dai na san barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba da fasaƙwari da daddawa, sauran sai dai in gan su a ido. Ba ta awo da cokali, ba ta awo da gwangwani. Sai ta ɗebo abu ta kai hanci, ta ce cittar bana ta fi ta bara faɗa, ta rage. Babu maijegon da ba ta ci yajinta ba a layin nan, Bahaushiya ce, Ibo ce, 'yar kudancin jihar nan ce, ba ta tambaya, kwano kawai ake aiko mata. 'Ya'yanmu mata biyu ba wadda ta koya. Makaranta ta ɗauke su, aiki ya ƙarasa, kuma me ya sa za su sha wahalar turmi alhali ga na roba a kanti? Ana nan idon Hajiya ya fara hazo, aka yi ta zuwa asibiti, daga ƙarshe ya rufe gaba ɗaya. Sai ga jikarmu da ke aure a Barnawa ta zo wata Asabar da ƙaramin ciki, ta zauna kusa da ita ta ce, "Hajiya, ni fa yajinki nake so in ci in na haihu, kuma so nake ki koya min." Na ga fuskar tsohuwar nan ta washe yadda rabon da in gani tun idonta na gani. Yarinyar ta ɗauko waya wai a faɗa mata ta rubuta. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ke, wannan ba a faɗarsa. Sai kin tsaya kusa da ni, in ɗebo in shinshina in ba ki ki shinshina. Ki dawo Asabar mai zuwa mu fara."

Da sun fara a wannan Asabar ɗin, da yau ba na wannan surutu. Ni na hana. Amma kafin a ce tsohon nan mugu ne, bari in koma baya kaɗan, don abin ya samo tushe ne tun ina saurayi.

A bayan gidanmu na haya a Kakuri akwai wani kafinta Ibo, kowa Oga yake ce masa. Rumfarsa ta kwano ce, ƙasan duk garin katako, ka taka ƙafarka ta nutse. Ina ɗan shekara sha bakwai na liƙe masa, ba wanda ya kai ni, ƙanshin maɗaci in ana yanka shi ne ya ja ni. Har yau ina jin zartonsa a kunnena, da yadda yake rufe ido ɗaya ya ɗaga katako sama yana duba miƙewarsa. Hausarsa a karye take amma faɗansa a miƙe. Wata rana ya ba ni aikina na farko ni kaɗai, 'yar akwatin ajiye abinci ta wata mai sayar da garin rogo. Na yi ta tsaf, don neman suna kuma na shafe ta da koren fenti ciki da waje. Oga ya duba. Ya bari ta bushe, ya zuba gari a ciki ya rufe. Bayan kwana biyu ya ɗebo ya jiƙa a kwano, ya miƙo min ya ce, "Sha." Na kai baki na ji fenti har ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Shanye duka." Na shanye ina hawaye, abokan aiki na dariya. Sannan ya kama kunnena ya ce, "Abin da za a sa abinci, cikinsa ba ya shan komai. Ka ji? Katako yana riƙe wari, ba ya sakewa." Na wuni ina amai, amma na so mutumin nan kamar ubana, kuma a raina na gama yanke cewa kafinta zan zama.

Mahaifina bai yarda ba. Ya ce ɗansa ba zai ƙare a rumfar kwano ba ga masaƙa na ɗaukar ma'aikata. Ya kama hannuna ya kai ni, aka sa ni sashen gyaran injuna, na yi shekara talatin da ɗoriya ina fama da ƙarfe da mai. A can abu ɗaya aka koya mana: duk abin da kake so ya daɗe, ba shi mai. Ƙurar auduga da tururin mai suka kashe min hanci tun da sauran ƙarfina, ko tuwo ya ƙone a gabana ba na ji. Daga baya masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta cinye harabarsu, aka sallame mu muka dawo gida muna kallon juna. Oga ya riga ya rasu. 'Yarsa da ta yi aure a layinmu, wadda Hajiya ta daka wa yaji haihuwa huɗu, ita ma da gari ya rabu kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa, ta kwashe ta koma unguwar Romi. Ni kuwa na sayi tsohon zarto da guduma ina 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe a zaure don kashe lokaci, yau benci, gobe ƙafar kujera. Abin kirki guda ɗaya dai ban taɓa yi da katako ba, kuma wannan na ci min rai fiye da yadda na bari a gani.

To, da yarinyar nan ta tafi, sai na ga Hajiya ta jawo kwandon kayanta tana lalube. Tsofaffin gwangwanayen madara ne da ƙulle-ƙullen leda, wasu a cikin wasu. Wata biyar ta yi tana tara su tun kafin zancen koyarwa ya taso, don ba ta sayen na kasuwa barkatai. Daddawarta wata tsohuwa ce ke kawo mata daga Kakau, citta kuma sai ta sa an zaɓo mata daga kudu. Tana cikin lalube gwangwanin barkono ya kife mata a cinya, ta shafa ido da hannun, ta yi ta hawaye. Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ba za ki koyar da kowa cikin wannan tarkacen ba. Zan yi miki kwaba mai durowa goma sha biyu, kowane abu da gidansa, ki miƙa hannu kawai ki jawo. Ku dakata in gama."

Ta ce, "Malam, gwangwanayen nan shekara nawa muna tare da su, me suka yi maka?"

Na ce, "Na ce ku dakata."

Ta ce, "To. Allah ya sa ka gama ina da rai." Da dariya ta faɗa, ni ma na yi dariya.

Gaskiya tausayinta na ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. So nake a ce ni ma na yi wani abu. Na je 'yan katako na wuni ina juya allunan maɗaci ina rufe ido ɗaya irin na Oga, har mai shagon ya ce, "Baba, aure za ka yi da shi ne?" Na ce sati uku zan gama. Ina! Hannun da ya saba da sifana ba ya jin maganar zarto. Na ɓata allo biyu kafin in yanka na uku daidai. Na ƙi sa ƙusa a durowoyin, na ce sai dai haɗin haƙori da gam yadda aka koya min, kowace kusurwa sai ta ci min kwana biyu. Kowace durowa na sassaƙa mata maɗauki daban, wannan zagaye, wannan mai tsini, wannan mai tsaga biyu, don yatsunta su gane ba sai an gaya mata ba. Damina ta sauka, katako ya sha sanyi ya kumbura, durowoyin da ke shiga sumul suka ƙi motsi, na koma ina kankarewa ina bi da samfefa. Duk Asabar jikata za ta zo, cikin na ƙara fitowa, ta leƙo zaure ta ce, "Angona, yau ma ba a gama ba? Ko sai na haihu za a sa jaririn a durowa ɗaya?" In ce, "Tafi can, amaryar banza, me kika sani a aikin hannu?" Hajiya daga ciki ta ce, "Ƙyale shi, ai ya kusa." Haka ta yi ta cewa ya kusa har wata huɗu.

Ana saura kaɗan in gama na ɗaga benci a zaure na ga gara ta cinye ƙafarsa ɗaya, ta bar ɓawo kawai. Na ce wato in sha wannan wahala gara ta zo ta yi buki? Sai ɗan masaƙan da ke cikina ya farka. Na je wajen wani makanike a Kakuri na karɓo baƙin mai, na sirka da kananzir yadda ake yi wa katakon rufi, na bi kwabar nan lungu-lungu da buroshi, kowace durowa ciki da waje, ta sha ta ƙoshi. Kada a ce na manta maganar Oga. Ina tune da ita sarai, shi ya sa da na zo shafa man ƙyalli na tsaya a waje kawai, ina yaba wa kaina wai ban bar koyarwa ba. A wautata fenti ne abin gudu, shi kuwa mai magani ne, zai shige cikin katako ya bushe. Na shanya ta kwana uku duk sanda rana ta leƙo, na goge da tsumma, na kai hanci ban ji komai ba. A satin Hajiya ta tafi Barnawa kwana bakwai saboda ganin likita. Na ce ga dama ta samu. Na juye kayanta kaf a durowoyin, na rufe, gwangwanayen kuma na ba masu sayen tarkace don kada ma ta yi marmarin komawa gare su.

Ranar Asabar suka dawo tare da jikata. An wanke turmi an kife, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na fito da kwabar tana ƙyalli. Na kama hannun Hajiya na ɗora a kai. Ta shafa sama, ta shafa gefe, ta bi maɗaukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta jawo durowar farko, ta fito sumul ba ko ƙara. Ta ɗebo ta kai hanci. Ta mayar, ta jawo ta biyu, ta jawo ta uku, har ta kai ta goma sha biyu, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na ga jikata ta ja da baya ta toshe hanci da gyale, na ce a raina laulayin masu ciki ne. Ina tsaye ina jiran yabo kamar ɗan makaranta.

Hajiya ta ce, "Malam, ashe hannunka bai manta ba. Kai, wannan aiki ya yi. Ji santsi."

Na ce, "To bismilla, ga turmi."

Ta ce, "Yau kaina ke sarawa, hanya ta gajiyar da ni. A bari sai wani satin."

Wani satin ta ce jikinta ba ƙarfi. Na bayansa ta ce hadari ya haɗo, yaji ba ya son danshi. A nan na fashe. Na ce wata huɗu ina karya bayana saboda ita, yanzu ta mai da ni mahaukaci, in ba ta son kwabar ta faɗa in faskara ta a hura wuta. Na faɗi maganganu da yawa, har da cewa makanta ta sa mata lalaci. A gaban jikarmu na faɗa. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, Hajiya ta lalubo hannunta ta matse. Ni kuwa ta ce min, "Yi haƙuri, Malam. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu." Na fita, na kwana biyu ina cin abinci a zaure.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta faɗi a bakin randa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya tafi. Kwana tara ta yi a asibiti tana motsa baki ba abin da ke fita. Hannun hagun nan nata kuwa bai huta ba, sai ta tattara yatsu kamar ta ɗebo abu, ta kai hanci, ta miƙa wa jikata. Yarinyar ta sunkuya ta shinshina yatsun da ba komai a cikinsu tana kuka. A rana ta goma Allah ya karɓi abarsa.

Ranar addu'ar uku sai ga 'yar Oga daga Romi, ita ma ta tsufa, ta sha napep biyu kafin ta iso. Ta durƙusa ta yi min gaisuwa tana sharar hawaye, ta ce duk 'ya'yanta da yajin Mama suka buɗe ido. Da ta ga kwabar a gefen ɗaki ta ce, "Baba, kai ka yi? Kai, kamar hannun babana." Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Ta jawo durowa ɗaya ta kai fuska, sai ta yi baya da sauri tana tari. Ta ce, "Wayyo! Wa ya sa baƙin mai a nan? Baba, duk kayan nan sun mutu, ko akuya ba za ta ci ba. Kai da ka zauna da babana?"

Jikata ta ce mata, "Mama, don Allah," amma magana ta riga ta fita.

Na dubi yarinyar na ce, "Gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Kaka. Tun daga ƙofar gida ake jin warin. Hajiya ce ta ce duk wanda ya gaya maka ba ta yafe ba. Ta ce mutumin nan tun yana saurayi yake son ya yi abu ɗaya da katako a ce ya yi kyau, ba za ta ƙwace masa ba. Sai ta sa ni nake tara mata wasu kayan a ɓoye, ta ce in sun cika za mu daka a gidana, mu ce maka daga kwabarka aka ɗiba. Daddawar Kakau kawai muke jira. Ranar Juma'a, washegarin da aka kwantar da ita, matar ta kawo."

Ta shiga ɗaki ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gadon Hajiya. Ƙulli goma sha biyu, kowanne da irin ɗaurinsa don hannu ya gane. Ɗanɗanon garin nan mai fenti ne ya dawo min a baki, bayan shekara hamsin da wani abu, na tashi na fita bayan gida na yi ta kakari. Na yi kukan mutuwarta a maƙabarta kamar kowane miji, amma kukan da na yi a ranar daban ne, na kunya ne da baƙin ciki, kuma har yau bai ƙare ba. Mutane na ce min ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare. Na sani, ban musa ba. Amma Asabar goma sha shida Allah ya ba ta da bakinta da hancinta da mai son koyo a gabanta, ni na cinye su a zaure ina goga katako.

Jikata ta sauka lafiya, mace ta samu, aka sa mata sunan Hajiya. Yajin jegonta a roba aka sayo, mai ja kamar an zuba masa kala, ta ci don dole. Kwabar na nan a ɗakina, gara ko kusa da ita ba ta zuwa, za ta fi ni daɗewa a duniya. Wani lokaci in jawo durowa in kai hanci, ba na jin komai, ko warin da na zuba da hannuna.

Bayan ta yi arba'in yarinyar ta zo da jaririyar a baya da jakar nan a hannu. Ta jawo turmin da kanta ta wanke, ta kwance ƙullin goma sha biyu ta jera a tabarma, ta ɗauki taɓarya. Sai ta tsaya tana kallonsu. Ta ce, "Kaka, kai da ka yi shekara hamsin ana daka shi a gidanka, ko ka san wanne take fara zubawa?"

Na rufe ido. Ina jin bugun sarai, uku ta dakata, uku ta dakata. Daga zaure nake jinsa duk tsawon shekarun nan, ban taɓa tasowa na leƙa cikin turmin ba.

Na ce, "Ban sani ba."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta jingine taɓaryar a bango, ta durƙusa ta fara ɗaure ƙullin ɗaya bayan ɗaya.